Liyarin Kaka Ba Na Narkarwa Ba Ne

Kwanan nan wasu samarinmu a Sakkwato sun ɗauki zafin neman tsofaffin kuɗin azurfa, musamman liyari mai hoton Mariya Tariza, sarauniyar Ostiriya. Da mutum ya ga 1780 a jikinsa sai ya ɗauki hoto ya watsa a WhatsApp, yana jiran mai sayen miliyoyi.

A 1780 sarauniyar ta rasu, kuma duk wanda aka buga bayan nan shekarar aka ci gaba da sa masa, a Biyana, daga baya har Landan da Bombai, saboda fataken Larabawa da na Afirka ba sa karɓar wanda kamanninsa suka sauya. Har yau ana buga shi. Nauyinsa giram 28 ne, azurfarsa kashi 83 cikin ɗari, kuma galibi kuɗinsa bai wuce na azurfar da yawa ba.

A nan ne raina ke ɓaci. Da yaro ya ji ba miliyan ba ne, sai ya miƙa wa maƙerin farfaru a narke a yi zobe. Alhali wannan ƙwaya ayarin raƙuma ne ya ƙetaro da irinta daga Tarabulus. Da Baturen matafiyi Barth ya sauka Kano a 1851, kafin ya iso Sakkwato a 1853, a kan wuri 2,500 ake ba da liyari guda. Falke da liyari goma a lalita ya huta da ɗaukar wuri 25,000 da zaman ƙirga shi. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, sule da fataka suka ture shi daga kasuwa, ya koma wuyan mata da kayan amare.

Juya shi ka duba. Mikiya mai kai biyu a baya, rubutu zagaye da baki don kada a kankare azurfa, kafaɗar sarauniya ta siɗe da gogar hannu. Sau da yawa akwai huda ko ɗan kunnen da aka liƙa don zare. Masu tara kuɗi a Turai na rage wa mai huda daraja. Ni kam shi na fi so, domin hudar ce shaidar ya zauna a gidajenmu.

In akwai shi a adakar kakarka, kar ka goge shi da toka. Tambaye ta wa ya ba ta, a wane biki, ka rubuta. In riƙonsa ya gagara, ka fara tuntuɓar gidan tarihi na Waziri Junaidu kafin ka nufi maƙera.