Gwanayen da Ke Koya wa Kaza Yaƙi da Cutar da Ba Ta Damunta

Idan annoba ta shiga akurki, mai kiwo ba ya buƙatar a faɗa masa. Da safe zai tarar da mushe. Amma akwai ƙwayoyin cutar da ke zama a hanjin kaza ba tare da ta ko sunkuyar da kai ba. Tana ci, tana sha, tana saka ƙwai. Wanda ya ci ƙwan bai dahu ba, ko naman da wuta ba ta ratsa ba, shi ne zai kwana yana amai da gudawa. Manyan masu wannan ɓarna su ne Salmonela da Kamfilobakta. Masanan da ke haɗa rigakafinsu sun ɗauko aiki mai wuya ƙwarai: su sa jikin kaza ya tashi tsaye a kan baƙon da bai taɓa cutar da ita ba, domin lafiyar mutumin da zai ci.

Tushen gwanintar shi ne sanin jikin kaza ciki da bai. Kusa da duburarta akwai wata 'yar jaka da ake kira bursa, wadda aka daɗe ba a san amfaninta ba. Wani ɗalibi a Jami'ar Jihar Ohayo ta Amurka, Bruce Glick, ya riƙa cire ta daga 'yan tsaki don ya ga abin da zai faru. Sai abokin karatunsa Timothy Chang ya ari kajin, ya yi musu allurar Salmonela don ya nuna wa ɗalibai yadda jini ke samar da sinadaran kariya. Yawancinsu ba su samar da kome ba. Wani da sai ya ce gwaji ya lalace, ya watsar. Su kuwa suka bi diddigi, suka gano cewa kajin da aka cire wa jakar ne suka gaza, suka buga sakamakon a 1956. A kan wannan Max Cooper da abokan aikinsa suka ɗora a 1965, inda suka nuna cewa garkuwar jiki rundunoni biyu ce: ɗaya tana ƙera sinadaran kariya, ɗaya tana farautar cuta a inda ta ɓuya cikin ƙwayoyin jiki. Likitancin ɗan Adam ma daga kaza ya koyi wannan darasi.

Salmonela kuwa gwanar ɓuya ce. Nau'inta mai suna Enteritidis yana iya ratsa hanji ya kai mahaifar kaza, ya shiga ƙwai tun kafin ɓawo ya rufe shi, ta yadda wanki ba zai fitar da shi ba. Shi ya sa allurar matattun ƙwayoyi kaɗai ba ta cika wadatarwa ba. Ana son ƙwaya mai rai wadda za ta bi ta hanji ta tayar da rundunonin biyu. A nan hannun gwani ke bayyana. Aikinsa kamar na mai gashin tsire ne da garwashinsa: wuta ta yi yawa nama ya ƙone, ta yi kaɗan ya fito ɗanye. Idan ya raunana ƙwayar fiye da kima, jikin kaza ba zai kula ta ba. Idan ya bar mata ƙarfi, ita ce za ta zama cutar. Dole kuma ta gama aikinta ta gushe kafin kaza ta fara ƙwai, kuma a iya bambance ta da ta daji a ɗakin gwaji. Louis Pasteur ne ya buɗe wannan hanya a Faransa a 1879 da kwalarar kaji, kuma nau'in 9R da Williams Smith ya samar a Ingila a 1956 don taifot ɗin kaji har yau ana amfani da shi.

Sauran aikin yana gona. Ana ɗauke wa kaji ruwa na awa ɗaya ko biyu su ji ƙishi. A zuba maganin cikin ruwa mai sanyi wanda babu sinadarin kulorin a ciki, don kulorin na kashe shi. Sau da yawa akan haɗa da shuɗin rini. Bayan sun sha, ma'aikaci ya kamo wasu nan da can, ya buɗe bakinsu ya duba harshe. Shuɗin harshe shi ne shaidar cewa magani ya shiga. Kajin ƙwai akan fara musu tun suna 'yan kwanaki, a maimaita suna tasowa, a sake kafin su fara saka.

Birtaniya ta ga amfanin wannan haƙuri. A Disambar 1988 ƙaramar ministar lafiya Edwina Currie ta ce yawancin ƙwan da ake samarwa a ƙasar na ɗauke da Salmonela. Kasuwar ƙwai ta faɗi warwas, ita ma ta bar muƙaminta cikin mako biyu. A 1998 masu kiwo suka fito da tsarin hatimin zaki, wanda ya wajabta yi wa kajin ƙwai rigakafi. Cikin shekarun da suka biyo baya, yawan masu kamuwa da nau'in Enteritidis ya ragu matuƙa, ba tare da an yi wa mutum ko ɗaya allura ba.

Kamfilobakta ita ce har yanzu ta gagara. Zafin jikin kaza, wajen digiri 42, shi ne daidai abin da take so, kuma kajin nama akan yanka su cikin mako shida zuwa takwas, garkuwarsu ba ta gama nuna ba. Masana na ta gwaji, amma ba a kai ga rigakafin da ya shiga kasuwa ba.

A Najeriya, cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana haɗa rigakafin taifot ɗin kaji da na cutar Gumboro. Mai kiwo ya san da cewa Gumboro wannan jakar ta bursa take cinyewa, kuma kazar da ta rasa ta tun tana ƙarama, kowane rigakafi aka ba ta daga baya ba zai kama yadda ya kamata ba. Duk wanda ya kiyaye jadawalinsa, ya adana magani cikin sanyi, ya ba kajinsa a kan lokaci, shi ne ke ƙarasa aikin da masanan suka fara, kuma lafiyar masu cin ƙwansa tana hannunsa.