Taswira ta san inda aka yi gini, ba ta san inda aka kwana ba

Mai karatu, in wayarka na kusa, buɗe taswirar da ke ciki ka rubuta Ƙaura Namoda, sannan ka juya ta zuwa hoton tauraron ɗan'adam. Za ka ga garin tas. Ga layin dogon da ya taso daga Zariya ya ƙare a nan tun 1929, ga gulbin Gagare, ga hanyar Shinkafi, ga wadda ta yi Zurmi har ta ɓulle Jibiya. Yanzu bar kwalta ka ja hoton ka yi arewa. Za ka riƙa cin karo da ƙananan garuruwa, rufin kwano na ƙyalli, gonaki kewaye da su. To, a cikin garuruwan nan, wanne ne aka kwana a cikinsa daren jiya?

Hoton ba zai gaya maka ba. Kuma wannan ita ce damuwata da yadda ake ɗora aikin agaji a kan taswira a arewacin Zamfara.

Kada ka ɗauka ni mai ƙin taswira ne. Ita nake karanta, kuma na san amfanin da ta yi. Kafin 2012, masu ɗigon rigakafin shan-inna a arewacin Najeriya da taswirar da aka zana da hannu suke fita aiki. Sai a samu ƙauye a bakin iyakar mazaɓu biyu, wannan ayari na zaton na wancan ne, wancan na zaton na wannan ne, yara su tashi ba wanda ya ɗiga musu komai. Da aka fara fito da matsugunai daga hoton tauraron ɗan'adam, aka kuma ba ayarin masu rigakafi wayoyin da ke rubuta inda suka taka, sai ga tungaye da rugage da ba sa cikin lissafin kowa. Cibiyar eHealth Africa ta Kano na cikin waɗanda suka yi wannan aiki, kuma a kan irinsa shirin GRID3 ya ɗora. A Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali. Taswira na da kaso a wannan nasara, ba mai ja.

Amma lura da tambayar da aka gina ta don ta amsa: ina ne mutane suka yi gini? A lokacin zaman lafiya, inda aka yi gini nan ake kwana, don haka amsa ɗaya ta wadatar. A Zurmi da Shinkafi na yau, tambayoyin biyu sun raba hanya.

Bari in ɗan bayyana maka yadda ake ƙiyasta yawan jama'a daga sama, don ka ga inda gizo ke saƙar. Rabon Najeriya da ƙidaya tun 2006. Saboda haka masu bincike, irin na WorldPop a Jami'ar Southampton ta Ingila, sukan yanka ƙasa gida-gida kamar ramukan dara, kowane gida mita 100 tsawo mita 100 faɗi. Kwamfuta ta ƙirga gine-ginen da ke cikin kowanne. Sai a je wasu 'yan wurare a ƙirga mutane da gaske, a ga mutum nawa ke zama a irin wannan gini, sannan a yi amfani da wannan a ƙiyasta sauran wuraren da ba a je ba. Dabara ce mai kyau, amma gaba ɗayanta ta tsaya ne a kan zaton cewa rufi na nufin mutum.

Yanzu ɗauki ƙauyen da 'yan bindiga suka ɗora wa harajin da ya fi ƙarfinsa, mutanen suka kwashe cikin dare. Rufin yana nan. A lissafin kwamfuta mutanen ma suna nan, ana iya ware musu gidan sauro da magani. Su kuwa suna cikin garin Shinkafi ko Ƙaura, wasu a ajin makarantar firamare, wasu a kangon da ba a gama ba, da yawa a gidajen 'yan uwa, inda gidan mutum goma ya koma na talatin ba tare da an ƙara ko ɗaki ɗaya ba. Wasu sun tsallaka jihar Maraɗi ta Nijar, kamar yadda dubban mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina suka yi tun 2019. Ka ga kuskure ya zama biyu ke nan: an ƙirga mutane a inda ba sa nan, an rage su a inda suka cunkushe. Ga shi kuma gudun hijirar yankin ba tafiya ɗaya ba ce. Akwai masu yini a gona su dawo gari su kwana, akwai masu komawa da damina su sake fitowa bayan girbi. Hoton da aka ɗauka shekara biyu ko uku da suka wuce ina zai kamo wannan?

Ni kaina na taɓa zama a wani taron sa-kai na zana taswira, muna bin hoto muna kewaye gine-gine a OpenStreetMap. Rufin kwano ba wuya. Soron ƙasa kuwa launinsa ɗaya da filin da ke gefensa, bukkar ciyawa kuma sai ka rantse inuwar bishiya ce. Na tashi ina jin na yi abin kirki. Sai daga baya na tsaya na yi tunani: gidajen da na fi tsallakewa su ne na waɗanda suka fi talauci, kuma ban duba ranar da aka ɗauki hoton ba sam.

Sai maganar suna. Akwai Kware a Shinkafi, akwai Kware a jihar Sakkwato. Akwai Badarawa a Shinkafi, akwai Badarawa a cikin garin Kaduna. Akwai Kurya ta Shinkafi, akwai Kuryar Madaro ta Ƙaura. Tungar wane da Gidan wane kuwa ba sa ƙirguwa. Mai haɗa rahoto a Abuja da bai taɓa taka yankin ba, kuskure ɗaya zai yi ya kai buƙatar wani gari wata jiha.

Wurin da na fi jin zafi shi ne launi. Ka san taswirorin nan da ake shafa wa kowace ƙaramar hukuma launi guda, rawaya ko ruwan lemo ko ja, don nuna tsananin yunwa, irin na tsarin Cadre Harmonisé. Zurmi ta kai kusan murabba'in kilomita 2,800. Launi ɗaya ya rufe wanda ke bakin asibiti a cikin gari da wanda ke bayan daji, inda ma'aikacin lafiya ya daɗe bai leƙa ba. Bayanan da aka yi launin da su kuma galibi daga inda aka iya zuwa suka fito.

Duba misali. A watan Yunin 2024, ƙungiyar likitoci ta MSF da ma'aikatar lafiya sun auna yara 97,149 'yan ƙasa da shekara biyar a wurare 21 na Shinkafi da Zurmi. Kashi 27 cikin 100 na fama da tamowa, kashi 5 daga ciki mai tsanani. Wannan adadi ba daga sama aka hango shi ba, yaro-yaro aka bi. Duk da haka, labarin yaran da aka iya kaiwa gare su ne kawai. Yaron da uwarsa ba ta da halin fitowa da shi ba ya cikin 97,149 ɗin, kuma a taswira wurinsa fari ne fat. Mai kallo daga nesa kuwa in ya ga fari, sai ya karanta shi da "lafiya lau". Haka aka yi a watan Satumban 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara: labarin hare-hare ya ragu a kafofi, alhali abin da ya ragu da tabbas shi ne hanyar da labarin ke bi ya fito.

Akwai kuma layin da ya fi duk waɗannan tasiri, wanda ba tauraro ne ya ja shi ba. Shekara da shekaru, tsarin agaji na shekara-shekara da Majalisar Ɗinkin Duniya ke neman kuɗi a kansa a Najeriya jihohin Borno da Adamawa da Yobe ya ƙunsa. MSF ta sha kokawa cewa an bar arewa maso yamma a waje. Ko ka zana kowane rumbu a Moriki da Dauran, in jihar ba ta cikin da'irar da ake raba kuɗi, zanen ka kawai ka yi.

Ba wai tauraron ba shi da sauran abin faɗi ba ne. Sentinel-2 na Tarayyar Turai yana sake ɗaukar wuri ɗaya kusan duk kwana biyar, kuma hotonsa kyauta ne. Ba ya ganin mutum, amma yana ganin gona. In ka jera hoton daminar bana da na shekarun baya, filin da aka daina nomawa yakan fito, don ciyawa da gero ba sa tsiro iri ɗaya. Hukumar Abinci ta Duniya ta yi amfani da wannan hanya a yankin Mopti na Mali a 2019 don gano ƙauyukan da rikici ya hana noma. Wannan ya fi ƙirga rufi kusa da gaskiyar Zurmi, ko da yake gajimaren Agusta kan rufe hoton a daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Sauran kuma yana bakin mutane. Direban tashar Ƙaura ya san hanyar da ake bi da hantsi amma ba a bin ta bayan la'asar. Ɗan kabu-kabu ya san ƙauyen da ya watse a makon jiya, mai unguwa ya san gidan da ya karɓi baƙi, ungozoma ta san inda ake haihuwa a ƙasa. Taswirar da ke auna nisan asibiti da kilomita ba ta da gurbin wannan ilimi, kuma su ma masu shi ba kasafai ake biyansu ko a dawo musu da abin da aka zana ba. Sai dai a yi hattara: jerin wuraren da 'yan gudun hijira ke kwana, ko ranar da za a kai kayan abinci, ba abin bazawa a intanet ba ne a yankin da masu ɗauke mutane ma suna da waya da masu kai musu rahoto.

Abu biyu nake roƙon duk mai fitar da taswirar agaji ta wannan yanki. Ya rubuta ranar da aka ɗauki hoton da ranar da ƙafar mutum ta taka wurin a ƙarshe, a fili, ba a ƙasan shafi da ƙananan haruffa ba. Sannan ya ware launi na musamman ga inda ba a samu zuwa ba. Kai kuma mai karatu, in an turo maka irinta a WhatsApp, fara da neman waɗannan biyun kafin ka tura wa wani.