Marsiyya da Masu Sukarta

Masu sukar waƙar ta'aziyya iri biyu ne, kuma ko a Lolo ta ƙasar Bagudo za ka iya tarar da su a rumfa ɗaya ranar kasuwa. Na farko mai ɗan karatu ne, yana cewa mamaci addu'a yake so, duk abin da ya wuce haka kururuwar jahiliyya ce. Na biyu ɗan boko ne, shi kuma cewa yake yi roƙo ne kawai: babban mutum ya rasu da safe, kafin la'asar an shiga situdiyo, kafin addu'ar uku masu tura waƙa a waya sun cika gari da ita, mawaƙi na jiran magada su ji an ambaci sunansu. Ɗan bokon ya faɗi gaskiya kan abin da kunnensa ya ji. Inda ya ɓata shi ne da ya ɗauka wannan ce marsiyya.

Na farkon ba ya buƙatar doguwar amsa. Khansa'u ta yi wa ɗan'uwanta Sakhru marsiyya, ta musulunta, ba a ce ta binne waƙoƙinta ba. Hassanu ɗan Sabitu ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A nan gida, Malam Abdullahin Gwandu, wanda ƙasar Bagudo take cikin masarautarsa har gobe, ya zuba marsiyyoyin malamansa da abokansa cikin Tazyinul Waraƙati, da ya rasu kuma a 1829 'yar wansa Nana Asma'u ta yi masa tasa da Fulatanci. Ita Nana ma ta riga ta amsa wannan suka tun a 1855, cikin marsiyyar aminiyarta A'ishatu matar Sarkin Musulmi Bello. Ta kafa hujja da cewa Abu Sufyanu ya yi wa Annabi marsiyya, ta kuma bambanta hawayen tausayi, wanda ba a hana ba, da ihu, wanda aka hana. Wanda ya fi 'yar Shehu sanin iyakar nan sai ya fito.

Ɗan bokon ne ya cancanci a zauna da shi, kuma tunda waƙar Turawa ce ma'auninsa, bari mu fara da ita. Duk wanda ya taɓa zama da masu son jita ya san Tears in Heaven ta Eric Clapton. Ranar 20 ga Maris 1991 ɗansa Conor, mai shekara 4, ya faɗo ta taga daga hawa na 53 na wani bene a New York. Uban ya tsara waƙar tare da Will Jennings don wani fim mai suna Rush, ta fito a farkon 1992, ta kai matsayi na 2 a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka, ta ci lambobin Grammy 3 a 1993. Masu cewa labarin yaron ne kaɗai ya sayar da ita ba su yi tunani ba. Labari yakan sayar da waƙa wata shida, ba ya riƙe ta shekara 30. A 1997 Elton John ya sake tsara Candle in the Wind don Gimbiya Diana, ta fi ta Clapton ciniki nesa ba kusa ba, amma yau ba ita masu makoki suke nema ba. Ta Diana ta zauna a kan Diana. Ta Clapton ba ta ambaci sunan yaro ba, ba ta ambaci taga ba, ba ta yabi kowa ba. Uba ne yake yi wa ɗansa tambayoyi 'yan kaɗan kan ko zai shaida shi idan sun haɗu a can, da murya ƙasa-ƙasa da jita mara lantarki. Shi ya sa kowa ke iya sa nasa mamacin a ciki. Clapton ya daina rera ta a 2004, ya ce ba ya jin raɗaɗin kamar da, sai a 2013 ya dawo da ita, kuma a tsakanin nan ba ta rasa masu saurare ba.

To, Nana Asma'u ta isa wurin nan ta wata hanya, wadda ni a ganina ta fi wuya kuma ta fi kyau. Ita tana faɗin suna. Abin da take cirewa shi ne kirari.

Dubi yadda mawaƙin fiyano yake gina ta'aziyyarsa. Sunaye ne da laƙabobi a jere: giwa, zaki, bango, garkuwa, uban marayu. Duk kalmomin da aka yi wa mutumin kirari da su yana raye su ne ake maimaitawa, sai dai an rage saurin kiɗa an ƙara Allah ya jiƙansa a amshi. Cire sunan marigayin ka sa na wani attajiri, babu ɗangon da zai karye. Yanzu dubi marsiyyar da Nana ta yi wa Zaharatu wajen 1857. Zaharatu ba sarauniya ba ce, ba ta jagoranci runduna ba. Abin da Nana ta lissafa aikin hannunta ne: tana karantar da wanda bai sani ba, idan aka kira ta wankan gawa ba ta nawa, idan mace tana naƙuda tana zuwa. Aikatau ne ke ɗauke da waƙar daga farko har ƙarshe, kuma duk aikin da aka ambata yana barin gurbi. An ce tana zuwa idan ana naƙuda. Mai saurare da kanta za ta ƙarasa: to yanzu idan abin ya taso da tsakar dare, ƙofar wa za a buga? Nana ba ta yi wannan tambaya ba, ba ta ce kowa ya yi kuka ba. Ta ajiye aikin ta bar ka da ramin da ya bari. Kirari ba ya iya haka, domin babu wanda ya taɓa tashi cikin dare ya nemi giwa ya rasa.

Haka ta yi wa maƙwabciyarta Halima a 1844, da Hausa, inda abin yabon shi ne hankali da kyautata wa yara da manya da riƙon zumunci. Haka ta yi wa Hawa'u, jajin da take kawo mata ɗalibai daga ƙauye. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba ta canja salo ba da ta zo kan ɗan'uwanta Bello a 1837. Mutumin da ya shafe rayuwarsa a kan doki, marsiyyarsa ta tsallake yaƙe-yaƙe ta tsaya kan iliminsa da halinsa da yadda yake bi da mutane. Wasu manazarta suna karanta wannan a matsayin wa'azi ga sarakunan baya. Na yarda akwai haka, amma sun yi gaggawa. Kafin ta zama mai wa'azi, ƙanwa ce da ta rasa wa, kuma ƙanwa ba ganima take tunawa ba.

Akwai wata fa'ida ta wannan salo da mutumin Lolo ya fi na Kano saurin ganewa. A garin da ake cin kasuwa da Hausa da Dandanci da Zabarmanci da Fulatanci, kuma dangi rabi suna nan rabi suna Madekali ko Malanbil a Binin, zaman makoki ba ya zama da harshe ɗaya. Maza suna waje a kan tabarmi, mai shigowa ya ce a yi salati, a shafa, ya ce ya haƙuri, a matsa masa wuri. Hirar gaskiya a cikin gida take, wurin mata, bayan an sauke tukunyar sadaka. Ka saurari abin da suke faɗa game da marigayiya: ita ce take fara zuwa da tabaryarta ranar suna, ita ce ba a taɓa aron tukunya ta hana ba, ita ta yi wa wance wankan jego da uwarta ba ta kusa. Marsiyyar Nana ke nan, karin waƙa ne kawai babu. Irin wannan magana tana ƙetare harshe ba ta zube ba, kamar yadda Isa ɗan Shehu ya mayar da waƙoƙin yayarsa daga Fulatanci zuwa Hausa 'yan taru, wato mata ɗaliban Nana, suka ɗauka suka kai ƙauyuka. Kirari kuwa da zarar ka juya shi wani harshe ya zama jerin sunayen dabbobi.

Shi ya sa nake ganin marsiyyar Hausa tun asali sana'ar mata ce, maza suka ara suka kai fada. Kuma matsalar mawaƙan yau ba rashin basira ba ce, da yawansu sun iya kari sun iya amshi. Wanda zai biya ne yake zaɓa musu mamaci. Mutanen da jirgin ruwa ya nutse da su kusa da Warra a watan Mayun 2021, cikinsu har da mata da yara masu neman abinci, ba su bar magajin da zai ba mawaƙi mota ba, alhali kowace mace cikinsu tana da maƙwabciyar da za ta iya lissafa aikinta kamar yadda aka lissafa na Zaharatu. Jean Boyd da Beverly Mack sun tattara waƙoƙin Nana a littafi tun 1997, har da matanin Hausar. Makarantun Islamiyya na mata a Bagudo da Illo da Lolo suna da muryoyin da za su rera su, kuma mai tura waƙa a bakin tasha ba ya tambayar shekarun waƙa kafin ya sa ta a waya.