Sharhin littattafan yara: abin da marubuci ke nema da abin da ya kamata ya samu

1. Gabatarwa

Duk wanda ya rubuta littafin yara da Hausa, ya sha wahalar buga shi, tambayar da ke biyo baya ita ce: wa zai karanta shi, ya auna shi, ya bayyana wa jama'a ra'ayinsa a rubuce? A wannan ɗan nazari za mu duba hanyoyin da marubuci ke bi wajen neman sharhi, mu ga inda suka gaza, sa'an nan mu kawo shawara. Maganar ta ƙara nauyi tun watan Maris na 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar. Duk inda harshe ya sami irin wannan matsayi, bukatar littattafai takan ƙaru. Sayen littafi dubbai domin makarantu, alhali babu wanda ya auna shi a bainar jama'a, cinikin biri a sama ne, kuma kuskure guda da ke cikinsa zai shiga kowane aji da aka kai shi.

2. Abubuwa uku da ake ɗauka sharhi ne

Marubucinmu yakan sami ɗaya daga cikin abubuwa uku. Na farko, gabatarwar da wani babban mutum ke rubuta masa a shafin farko. Na biyu, jawabin da ake yi ranar bikin ƙaddamarwa. Waɗannan biyu marubuci ne ya roƙe su, kuma wanda aka gayyata ba ya kushe tuwon gidan da ya kira shi. Na uku shi ne amincewar kwamitin da ke zaɓar littattafan makaranta. Wannan hukunci ne na gaske, amma a ofis yake tsayawa: malami a Madawa ko a Tasawa yana ganin sakamakonsa, ba ya ganin hujjarsa, marubuci kuwa ba ya koyon kome daga gare shi. Sharhi, a ma'anar da muke nufi, ra'ayi ne mai hujja, na wanda ba shi da riba ko hasara a cinikin littafin, wanda aka buga inda kowa zai iya karantawa ya mayar da martani.

3. Wuyar da ta keɓanta da littafin yara

Idan littafin manya ne, mai sharhi ɗaya ne daga cikin masu karatun da aka nufa. A littafin yara kuwa, wanda aka rubuta dominsa ba ya rubuta sharhi, wanda ke rubuta sharhin kuma ya daɗe da wuce shekarun karanta shi. Saboda haka babba yakan yabi abin da ya burge shi, watau hikima da wa'azi da zurfin Hausa, ya manta da tambayar farko: shin ɗan shekara takwas zai kai ƙarshen shafi?

Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka fara bugawa a Zariya a 1937, domin makarantu aka tsara shi. Amma yawancin nazarin da aka yi masa a jami'o'i ya karkata ne ga salonsa da tushen labaransa, irin su Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai da ya mayar na gida. Nazari ne mai amfani, sai dai manya ne ke yi wa manya bayani. Haka Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, na 1971, an fi ambatonsa a matsayin taskar adabin baka. A nan Nijar, tun da aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Zinder a 1973, aka kafa INDRAP a 1974, an rubuta littattafan karatu da harsunan ƙasa, daga baya kuma maɗaba'u irin su Albasa da Gashingo sun fitar da nasu. Rubutu ya samu, amma al'adar auna shi a fili ba ta kafu tare da shi ba.

4. Hanyoyi biyu daga waje

A Amurka akwai mujallun da aikinsu ke nan: The Horn Book, da aka kafa a Boston a 1924, da Kirkus Reviews, tun 1933. Mai ɗab'i yakan aika musu da littafi watanni kafin fitarsa, masu kula da ɗakunan karatu kuma su dogara da sharhin wajen saye. Kirkus tana da wani sashe inda marubucin da ya buga littafinsa da kansa ke biyan kuɗi a yi masa sharhi, idan bai yi masa daɗi ba yana iya hana a buga. Wannan sashe bai dace da mu ba. Inda marubuta da masu sharhi ƴan kaɗan ne, kowa ya san kowa, kuɗi na shiga tsakani sai sharhi ya koma roƙo.

Hanya ta biyu ta fi kusa da bukatarmu. Mujallar Takam Tikou, wadda cibiyar La Joie par les livres ta Paris ta fara bugawa a 1989, ta koma intanet a 2010, tana gabatar da littattafan yara na Afirka. A shekarunta na takarda an riƙa aika littattafai zuwa ɗakunan karatu na ƙasashen Afirka, yara su karanta, masu kula da su su rubuto abin da suka gani, a buga. Ta haka muryar yaro ta shiga sharhi. Iyakarta ita ce da Faransanci take fita, kuma littattafan Faransanci ne suka fi yawa a cikinta. Tsarin za mu ara, aikin kuwa sai mun yi shi da kanmu.

5. Abin da mai sharhi zai duba

Na farko, ƙa'idar rubutu. Taron Bamako na 1966 ya kawo ninka wasali mai tsawo, kuma da shi aka yi yaƙi da jahilci shekaru da dama. Taron Yamai na 1980 ya nemi daidaita rubutun Nijar da na Nijeriya, dokar 1999 kuma ta tsayar da ƙa'idar da ake bi. Wajibi ne mai sharhi ya faɗi wadda littafin ya bi, ya kuma duba haruffa masu lanƙwasa. Babba zai gane cewa "kafa" da ya gani "ƙafa" ake nufi. Yaron da ke haɗa baƙi da wasali abin da ke kan takarda zai karanta.

Na biyu, kalmomi masu fuska biyu. Da yake ba a nuna tsawon wasali da karin sauti, "gari" na iya zama wurin zama ko na tuwo, "kuka" na iya zama itace ko hawaye. A littafin masu fara karatu, dole jimla ko hoto su warware wannan tun a shafin da kalmar ta fito.

Na uku, karin harshe da kalmomin aro. Yaron Adar yana cewa "sunka tahi", littafi ya ce "suka tafi". Wannan ba aibi ba ne, amma malami na bukatar a sanar da shi. Aro ya fi wuya: "biro" a Kano, "bik" a Maraɗi. Lissafin kuɗi ma haka: a kasuwarmu dala ashirin ita ce faran 100, labarin da ke ƙirga naira kuwa sai an yi masa bayani. Dandalin intanet irin su African Storybook da StoryWeaver na ɗauke da littattafan Hausa kyauta, da yawa daga cikinsu fassara ce, kuma wannan awo ya shafe su.

Na huɗu, hoto da labari. Shin hoton yana taimakon karatu, ko ado ne kawai? Shin akwai abin da zai sa yaro ya juya shafi, ko gargaɗi ne aka sa wa rigar tatsuniya? Wannan tambaya ba a amsa ta daga kan tebur. Sai an karanta littafin da yara, an lura da inda suka yi dariya, da inda suka tsaya, da inda hankalinsu ya tafi waje.

6. Abin da ke wuyan marubuci

Marubucin da ke son sharhi na gaske zai sauƙaƙa aikin mai yin sa. Ya aika da littafin da wuri, in da hali tun kafin bugun ƙarshe, lokacin da gyara ke da amfani. Ya haɗa da takarda guda mai nuna shekarun yaran da ya nufa, da ƙa'idar rubutun da ya bi, da sunan mai zane, da farashi, da inda ake samunsa, domin sharhin littafin da ba a iya saye aikin banza ne. Idan fassara ce ko tatsuniyar da ya ji a bakin wasu, ya faɗa. Ya nemi wanda ke zama da yara kullum, malamin aji ko mai kula da ɗakin karatu, kafin ya nemi mai babban suna. Bayan haka ya janye hannunsa: kada ya nemi ganin sharhin kafin a buga, kada ya ɗauki gyara a matsayin gaba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

7. Kammalawa

Shawararmu ga masu bincike da masu tsara aikin karatu ita ce a ware fili na dindindin, a mujalla da kuma gidan rediyo, domin littattafan yara na harsunan ƙasa. Kowane sharhi ya kasance da hannu biyu: masanin harshe da zai duba rubutu, da malamin da ya gwada littafin a aji, ya faɗi garin da shekarun yaran. Kwamitocin saye kuma su riƙa neman irin wannan sharhi kafin su sa hannu. Idan aka yi haka, marubuci zai san abin da zai gyara a bugu na biyu, malami zai san abin da zai ɗauka, hukuma kuma za ta san abin da ta biya.