Jinjina ga masu rainon itatuwa a Dutsin-Ma da Kurfi

Dasa itace a damina ba wuya. Wuyar tana farawa ne daga watan Maris, lokacin da ƙasa ta bushe, awaki kuma suka rasa abin ci sai ɗanyen dashe. Shi ya sa jinjinarmu ta tafi ga matasa da manoman Dutsin-Ma da Kurfi masu ɗaukar jarka su shayar da darbejiya a makarantu da maƙabartu, su kewaye ta da ƙaya, ba tare da an biya su ko sisi ba. Saiwar da suka raya ita ke riƙe ƙasar gona, ta rage yashin da ruwa ke kwasa zuwa kogin Karaduwa da madatsar Zobe, wadda aka kammala a 1983.

Wasu za su ce wannan aikin gwamnati ne, tunda tun 2015 akwai hukumar ƙasa mai kula da gandun itatuwan tare hamada, kuma Katsina na cikin jihohi 11 da aikin hukumar ya shafa. Gaskiya ne, amma hukuma iri take rabawa, ba ta kwana kusa da shuka. A Maraɗi, tun shekarun 1980 manoma ne da kansu suka daina sare tohon gawo a gonakinsu, suka dinga gyara shi har ya girma, ga taki ga abincin dabbobi. Masu cewa talaka na bukatar itacen girki ma ba su yi ƙarya ba, sai dai rassan da aka sassabe sun isa murhu. Ƙananan hukumomin biyu su taimaka wa waɗannan bayin Allah da ruwa da wayar shinge.