Sadaukarwar da Ba a Nuna ba: Nazari a kan Wani Gajeren Labari na O. Henry

Manufar wannan maƙala ita ce duba yadda O. Henry, wato William Sydney Porter (1862–1910), ya sarrafa jigon soyayya a gajeren labarinsa mai suna "The Gift of the Magi", wanda wata jaridar birnin New York ta fara bugawa a watan Disamba na 1905.

Zubin labarin ba shi da sarƙaƙiya. Jim da matarsa Della talakawa ne, ga shi kuma albashin maigidan ya faɗo daga dala 30 zuwa dala 20 a mako. Ana jajibirin Kirsimeti, abin da Della ta iya tarawa dala 1 ce da santi 87. Sai ta sayar da dogon gashinta a kan dala 20, ta sayo wa mijinta sarƙar agogo. Ashe shi ma ya sayar da agogon zinariyar da ya gada daga mahaifinsa da kakansa, ya sayo mata matajan ado da ta daɗe tana sha'awa. Kowace kyauta ta tarar da mahaɗinta ya tafi.

Manazarta sukan ɗauka cewa sadaukarwar biyu kunnen doki suka yi. Sai dai in an lura, ba haka marubucin ya auna su ba. Gashi yana sake tofowa, Della ma da bakinta ta faɗi haka don ta kwantar wa mijinta da hankali. Agogo kuwa gado ne, in ya fita hannu ya fita ke nan. Jama'ar Yauri da Ngaski da suka bar tsibiransu sa'ad da tafkin Kainji ya cika a 1968 ba sa bukatar a yi musu sharhin wannan bambanci: gida ana iya sāke gina shi a kan tudu, amma kufan kakanni yana ƙarƙashin ruwa.

Abin sha'awa shi ne yadda aka raba wa taurarin biyu fili. Mai karatu yana tare da Della tun daga kukanta, da tsayuwarta gaban madubi, har zuwa fargabarta ko Jim zai ƙi ta. Jim kuwa ba a nuna cinikinsa ba ko kaɗan. Ba a san inda ya kai agogon ba, balle abin da ya ji a ransa. Ya dai kishingiɗa, ya yi murmushi, ya ambaci maganar a taƙaice, sa'an nan ya ce a ɗora nama a wuta. Watau hasarar da ta fi nauyi ita aka fi taƙaitawa. Bahaushe, wanda kunya da kara suka hana shi furta so a fili, zai gane Jim nan take, domin a wurinsa wanda ya yi alheri ya tsaya lissafa shi gori ya yi.

Inda marubucin ya kasa shi ne a sakin layi na ƙarshe. Bayan Jim ya gama yin kawaici, sai O. Henry ya miƙe da wa'azi, yana kwatanta ma'auratan da masu hikimar gabas da suka kai wa Annabi Isa kyauta yana jariri, kamar yadda littafin Kirista ya kawo. Abin da tauraronsa ya ɓoye, shi ya fito da shi kasuwa. Da labarin ya tsaya a kan maganar naman nan, da ya fi ƙarfi.