Maraici da 'Yancin Fasaha: Tsokaci a kan Farkon Rayuwar Ɗanmaraya Jos

Manazarta waƙar baka sun saba kasa makaɗan Hausa gida-gida: na fada, na sana'a, na maza, da na jama'a. Ma'aunin wannan rabo shi ne wanda ake yi wa waƙar, wato ubangida. A wannan ɗan tsokaci muna son mu duba makaɗin da ya tashi ba tare da ya rataya fasaharsa a wuyan ubangida ɗaya ba, mu ga yadda farkon rayuwarsa ya haifar da salonsa. Wannan makaɗi shi ne Alhaji Adamu Wayya, wanda duniya ta sani da Ɗanmaraya Jos.

An haife shi a Bukuru cikin 1946. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne, ya kuwa rasu tun Adamu yana jariri, ba a daɗe ba mahaifiyarsa ta bi shi. Sarkin ne ya ɗauki renonsa, daga nan laƙabin ya samo asali. A bisa al'ada, ɗan makaɗi a gaban ubansa yake koyo: ya fara da ɗaukar kaya, ya shiga amshi, sannan ya gaji kiɗa da fada gaba ɗaya. Maraici ya yanke wa Adamu wannan tsani. Yana yaro ya je Maiduguri, ya ga masu kuntigi, ya dawo ya haɗa nasa: gwangwani da fata da tsirkiya ɗaya.

Wannan zaɓi shi ya tsara zubin waƙoƙinsa. Narambaɗa yana da 'yan amshi da kotso da Sarkin Gobir na Isa. Shata yana da zugar kalangai. Ɗanmaraya shi ne mai ƙirƙira, shi ne mai kiɗa, shi ne mai rerawa. Da yake babu mai karɓa masa, sai ya raba muryarsa gida biyu ko uku, ya mai da waƙa tamkar wasan kwaikwayo. A "Jawabin Aure" da "Gulma Wuya" mukan ji miji da mata da magulmaciya duk daga maƙogwaro ɗaya. Haka kuma, da yake babu sarkin da zai wasa, sai ya nemi gwarzonsa a tasha. "Karen Mota", wadda take cikin waƙoƙin da suka fara fito da shi, yabo ce ga yaron da ke lodi da tura mota da canja taya, wanda kirarin fada bai taɓa sanin da zamansa ba.

Sai kuma batun harshe, inda muke ganin ba a yi masa cikakken adalci ba. Akwai masu ganin Hausarsa ba ta kai ta makaɗan Sakkwato zurfi ba. Amma ya kamata mu tambaya: su wa yake yi wa magana? Bukuru garin haƙar kuza ne, mahaɗar leburori daga ƙabilu barkatai. Layin dogon da aka buɗe cikin 1927 ya haɗa ta da Kafanchan, ya ratsa ta gindin dutsen Kagoro. Mutumin Kagoro yana da harshensa na gida, amma da Hausa yake ciniki a kasuwa, da ita yake hira da Bajju da Birom a tasha. Irin wannan mai sauraro salsalar sarakunan Gobir ba ta dame shi ba. Auren dole da gulma da tazarar mai akwai da mai babu kuwa ya san su sarai. Sauƙin Hausar Ɗanmaraya dabara ce ta wanda ya san jama'arsa.

Ba mu ce ba shi da rauni ba. Sau da yawa nasiha takan rinjayi hoto, ya fassara darasin da labarin ya riga ya isar. Duk da haka, lokacin da ya rasu a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015, ya bar wa masu nazari aiki: in dai ma'auninmu na adabi bai iya ɗaukar Hausar tasha da ta Kafanchan ba, to ma'aunin ne ke bukatar gyara.